Ranar da Muka Fasa Bangon Ɗakin Jego

Zuwa ga ɗiyata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya kai ku Jos lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona da kike goye da shi. Allah Ya tsare maku hanya, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku.

Kina ɗaki kina haɗa kaya, ni kuma ina nan gindin bedi ina fama da biro. Kada ki yi wa rubutuna dariya, malamar makaranta, na yaƙi da jahilci ne. Abin da ya sa na zaɓi takarda, na san halinki: in na fara magana da baki, kafin in kai tsakiya kin ce "To Inna, na ji," alhali ba ki ji komai ba.

Shekaranjiya da maigidanki ya zo gaishe mu, na ji yana ba babanki labarin sanyin can, da murhun ɗumama ɗaki da yake son saya maku saboda jariri. Ya ce iri biyu maƙeran can suke yi. Ɗaya akwatin ƙarfe ne kawai, da ƙofa da bututun fitar hayaƙi. Ɗayan kuma yana da faranti a ciki da wani marfi da ake ja, sai hayaƙin ya juya ya sake ci, ba ya cin itace sosai, zafinshi kuma ya daɗe. Na ji a muryarshi na biyun ya kwanta mashi. Ina bayan labule, kunyar suruki ta hana ni tanka mashi, amma wallahi sai da na dafe ƙirji. Na san murhun nan, Sa'adatu. Ya taɓa kwana a ɗakina, kuma saura kaɗan ya raba ni da ƙanenki Nasiru.

Ke lokacin kina 'yar firamare, ba za ki tuna da yawa ba. Bayan shekarun farin nan ne, itace ya yi wuya a Dutsin-Ma. Masu jakai daga wajen Makera ba su kawo sai sirara, rabi ɗanye. A tsakiyar sanyin shekarar na haifi Nasiru. Kakarku Goggo, mahaifiyar babanki, Allah Ya jiƙanta, ita ta riƙe jegona. Goggo ba ta wasa da maijego. A wurinta abu ɗaya ke kashe mace bayan haihuwa, sanyi ne, kuma maganinshi wuta. Ta ajiye mani kasko a tsakar ɗaki, ba ya mutuwa. Duk abin da hannunta ya kai kai sai ta jefa: kara, ɗanyen itace, busasshen kashin shanu. Rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, idona kullum yana ruwa. Ni ban damu da kaina ba, haka aka yi mani a haihuwarku duka.

Amma yaron nan ba ya kuka. Yana buɗe baki kamar zai tsala ihu, sai ka ji ɗan sauti kamar na ɗan mage. In na kwance mashi zane, sai in ga fatar tsakanin haƙarƙarinshi tana lotsawa ciki duk numfashi. Masu zuwa barka suna cewa, "Kai, kin samu mai haƙuri." Ni kuwa na goyi 'ya'ya, na san bambancin haƙuri da rashin ƙarfi.

Bayan suna na matsa wa babanki muka kai shi asibiti. Akwai wata Sista a lokacin, 'yar kudu, Kirista, Hausarta ras kamar a nan aka haife ta. Ta saurari ƙirjinshi, sannan ta ɗauki zanen goyon ta shinshina.

Ta ce, "Maman yaro, a madafa yake kwana?"

Na ce, "A'a, ɗakin jego ne."

Ta ce, "Hayaƙi ke shaƙe shi. Ga magani, amma in ya koma cikin hayaƙin nan, maganin banza ne. Kuma ki ji da kyau, kada sanyi ya taɓa shi. Ƙirjin nan ba zai ɗauki ko ɗaya ba."

Na ce, "To Sista, ba wuta, ba sanyi, a ina zan ajiye shi?"

Ta ce, "Wannan kam ke kika san gidanki."

A nan na yi wautata ta farko. Rabin maganarta kawai na riƙe. Muna isowa gida, ko mayafi ban cire ba, na sunkuci kaskon nan na kai shi bakin rariya na kife, a gaban Goggo, ban ce mata uffan ba. Ta dube ni, ta dubi tokar, ta shige ɗakinta. Ni kuma ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ba a je ko'ina ba ƙafafun yaro suka yi sanyi ƙalau, tari ya ƙaru, ni ma gaɓoɓina suka ɗauki ciwo. Da safe sai ga Goggo da kaskonta, ta ajiye inda yake da, ta ce, "In kin gama gwajin, ga wuta." Ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Ki riƙe wannan, ɗiyata. In kika ga babba ya nace wa abu, ko da abin yana cutarwa, ki tsaya ki gano amfanin da yake gani a ciki kafin ki taɓa shi. Goggo ba maƙiyiyar yaron ba ce, tana da gaskiya a kan sanyi kamar yadda Sista take da gaskiya a kan hayaƙi. Da na zauna na gaya mata abin da aka ce a asibiti, da tun ranar mun zama mu biyu muna neman mafita.

Babanki da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya hau kekenshi ya tafi Makera wurin wani maƙeri da ya taɓa zama ƙasar Jos ya koyo aikin murhun ƙarfe. Suka zo da murhun a kan jaki, baƙi, yana ƙyalli, irin mai faranti da marfin nan dai da maigidanki yake yabo. Maƙerin ya fitar da bututu ta taga, ya liƙe gefen da laka. Ya ciro busasshen marke daga buhunshi ya hura. Ya ce a bar marfin a buɗe sai ƙarfen ya yi zafin da in an ɗiga ruwa zai yi tsalle, sannan a ja. Ya ja. Sa'adatu, hayaƙi ya ɗauke ɗif! 'Yan itatuwan da ba su isa dafa shayi ba suka riƙe ɗakin da ɗumi tun azahar har magariba. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Da zai tafi ya tambaye ni, "Uwargida, wa zai riƙa sa mashi itace?"

Na ce, "Ni mana."

Ya ce, "To madalla. Busasshe kawai, a jira ya yi zafi, kuma a riƙa kankare farantin."

Wannan "ni mana" ita ce wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko. Yaushe maijego ta mallaki ɗakinta? Safe da yamma ina bayan gida ana watsa mani tafasasshen ruwa da ganye. In na dawo ga kunun kanwa, ga baƙi, ga barcin da ke sace ni a zaune. Murhun nan kowa ya sa mashi hannu: Goggo, maƙwabta, 'yan barka, har ke kin sha jefa mashi ɓawon rake. Goggo kuwa da ta ji an ce marfin ne ke hana cin itace, sai ta riƙa ja tun wuta ba ta kama ba, don tattali. Busasshen marke ya ƙare, aka koma ɗanyen da ake samu. Kunkunniya ta taru a farantin ta toshe hanya, ba wanda ya sani, don a rufe abin yake.

Wata la'asar na fito daga wanka, na ɗaga labule, sai hayaƙi ya buge ni a fuska, fari, mai ɗaci. Ban ga gado ba, da laluben hannu na samo yaron. Na fito da shi tsakar gida, leɓɓanshi sun yi duhu, jikinshi ya saki. Ban san na yi ƙara ba sai da na ga gida ya cika. Goggo ta zube ƙasa tana cewa, "Ni na kashe shi, ni na ja marfin!" Babanki ya shiga ya fizgo murhun da buhu a hannu, ya wurgar da shi bayan rumbu. Ni kuwa ina ta hura wa yaro iska a fuska, ina murza mashi baya, ina kiran sunan Allah. Can sai ya ja wani numfashi mai ƙara, ya yi tari, ya motsa hannu.

Maƙerin bai cuce mu ba, ya faɗi sharuɗɗanshi a gabana. Ni ce na amsa da abin da nake so ya zama, ba abin da yake ba. Saboda haka in mai sayarwa ya hura maku murhu kuka ga ya yi kyau, ki tuna a hannun mai shi kika gani, da itacen da ya zaɓo. Ki tambayi kanki wa zai hura shi ranar da ba ki nan, kuma da wane itace.

Aka koma kan kasko, ana shiga da shi ana fita da shi, yaro yana ƙara ramewa. Ana cikin haka yayata Delu ta zo daga Kurfi duba ni. Kin san Yaya Delu da ginin tukwane, hannunta bai rabuwa da yumɓu. Muna zaune ina ba ta labari ina hawaye, sai ta ce, "Da a Kurfi ne, da kin hau gadon ƙasar Baffa." Kakanmu ke nan. Yana da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, ana hura wuta a ciki, gado ya ɗauki ɗumi.

Na ce, "Shi ma ai hayaƙin a ɗaki yake tsayawa."

Ta ce, "To ya za a yi, bakinshi a ɗaki yake."

Na ce, "Yaya, wa ya ce dole bakin ya kasance a ɗaki?"

Ta fashe da dariya, ta ce jego ya taɓa mani kai. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ta tashi ta fita ta zagaya bayan ɗakin, ta dawo tana auna bango da taƙi. Ta ce in aka jingina gadon da bango, aka huda ƙasan bangon, sai a riƙa hura wuta daga waje. Zafi ya bi ta ƙarƙashin gado, ya zagayo, hayaƙi ya fita ta wata huda ya hau sama. Bututu kuwa, tana da tukwanen da suka fashe a gindi wurin gashi, sai a jera su kan juna a shafe. Ba marfi, ba faranti, ba abin da wani zai ja.

Muka kai wa babanki magana. Ya ce bangon nan mahaifinshi ya gina shi da hannunshi. Ya ce damina za ta shiga ta hudar ta kayar da ɗakin. Ya ce macizai. Ya ce mutane za su ce gidan Malam Isa mata ke rushe gini. Daga ƙarshe ya ce, "Bari in yi shawara." Ke kin san babanki, in ya ce zai yi shawara, to an binne maganar ke nan. Goggo ma ta ce ba a taɓa jin maijego ta taɓa ɗanyar laka kafin arba'in ba.

Yaya Delu dai ta aika aka kawo mata tukwanen. Ranar kasuwa babanki ya fita da hantsi. Na shayar da yaro, na ga ko nonon ba ya iya ja sai ya saki ya huta. Na miƙa wa Yaya shi, na ɗaure ɗamara a kan cikin jego, na ɗauki gatarin faskare na zagaya bayan ɗaki. Na yi bisimilla na kai sara. Bangon tsohon gini ne, ya yi tauri kamar dutse, gatarin yana dawowa yana girgiza mani kafaɗa. Ban daina ba.

Sai na ji salati a bayana. "Innalillahi! Maijego da gatari! Ke Hauwa, kin haukace?"

Na ce, "Goggo, ko a sake ni yau, sai na huda bangon nan."

Ta tsaya tana dubana, ni ma ina dubanta, ina haki. Ta matso ta fizge gatarin daga hannuna. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Sai ta ce, "Matsa can, ko riƙon gatari ba ki iya ba. Koma ki zauna kafin jini ya ɓalle maki." Tsohuwar nan ta gyara zane, ta tofa yawu a tafi, ta shiga sara. Wallahi Sa'adatu, ina zaune kan turmi ina kuka ina dariya. Kafin azahar haske ya ratsa ta ƙasan bango, Yaya Delu ta leƙo ta hudar daga ciki ta ce, "Salamu alaikum, masu gida!"

Da babanki ya dawo ya ga tulin ƙasa, sai ya tsaya riƙe da keke, bakinshi a buɗe. Kafin ya ce wani abu Goggo ta tare shi. Ta ce, "Ni na fasa. Ubanka ya gina, amma ni na ɗebo ruwan ginin a kaina, ina da ciki na wata bakwai, cikinka. Akwai magana?" Ya ce, "Babu, Goggo." Ya jingine keke, ya naɗe hannun riga, ya tambayi Yaya Delu inda za a samo ƙasar suri.

Yaya ta kwaɓa ƙasar da ƙaiƙayi da kashin jaki, ta gina gadon, ta jera tukwanenta a bayan ɗaki har suka wuce indararo. Kafin ya bushe muka koma ɗakin Goggo, yaro yana manne a ƙirjina cikin zane, ana gasa duwatsu a waje ana naɗe su a tsumma ana jera mana. Yaya ta ce a riƙa sa wuta kaɗan-kaɗan har laka ta ƙame. Ni da gaggawa, tana juya baya na cika ramin da kara na banka. Gado ya tsage, siririn hayaƙi ya fara fitowa ta tsagar. Ta zage ni tas, zagin da rabona da shi tun ina budurwa, sannan ta cike tsagar ta sake shafewa. Ke ma in an kafa maku bututu, kada ki shigar da yaro ranar. Ki hura wuta, ki rufe ƙofa, ki bi kowace mahaɗa da ido da hanci, ki sake yin haka lokaci-lokaci.

Ranar da muka koma ɗakin, na shimfiɗa tabarma da bargo a kan gadon, na kwantar da Nasiru. Ɗumi yana tasowa a hankali ta ƙasa, iskar ɗaki kuwa garau. Goggo ta kai kujerarta bakin ramin a waje, ta samu abin da take so: wuta tata ce, ta jefa kara, ta jefa ɗanye, ta jefa kashin shanu, ba mai ce mata don me. Hayaƙin duk yana bi ta tukwanen Yaya ya tafi sama abinshi. Yaro ya fara kama nono da ƙarfi. Lotsawar haƙarƙarin ta ragu, ta ragu, har na daina ganinta.

Wata safiya kafin mu yi arba'in, ina mashi wanka, ruwa ya shiga mashi ido. Sa'adatu, yaron nan ya tsala wani ihu da sai da kaji suka watse a tsakar gida! Ya yi ja, ya dunƙule hannu, ya ƙi yin shiru. Babanki ya shigo da gudu ba takalmi. Goggo ta leƙo tana share ido da gefen zane, ta ce, "Kai, wannan ja'iri zai kurmantar da mu." Ni kuwa ƙin rarrashinshi na yi. Na bar shi ya yi ta yi, ina saurare. Ranar na rangaɗa guɗar da na riƙe.

Da muka koma asibiti Sista ta saurari ƙirjin, na ba ta labarin gadon, ta ce a kai ta ta gani, kuma ta zo har gida. Daga nan mata suka fara sallama, wai barka suka zo, alhali bayan ɗaki suke zagayawa. Kafin sanyi na gaba an huda bango a gidaje da dama a unguwarmu, Yaya Delu har ta rasa fasassun tukwane ta koma gina na musamman. Maza a majalisa suna ce wa juna, "Kada ka bar matarka ta je gidan Malam Isa, gatari za ta nema." Babanki kuwa, wanda zai yi shawara, shi ya koma yi wa baƙi bayani, yana cewa "da muka yi tunanin abin." Na bar mashi, ban taɓa gyara mashi ba.

Kada ki ce na tsani murhun ƙarfen nan. Bayan an yaye Nasiru na ciro shi daga bayan rumbu, na kankare shi, na kafa a ɗakina. Ni kaɗai nake taɓa shi, ina ajiye busasshen itacena tun kaka. Ya yi mani shekaru yana aiki, kuma gaskiya ne ba ya cin itace. Murhu ne mai kyau ga mai hannu ɗaya da busasshen itace da natsuwa.

Ke kuwa ba haka zamanki zai kasance ba. Da safe kina aji, gwaggon maigidanki ce za ta zauna da yaro, ga maƙwabta masu shigowa taimako. An ce can ruwa ba ya ɗaukewa da wuri, itacensu da danshi. Saboda haka ku ɗauki mai sauƙin, akwati da ƙofa da bututu, wanda ko an sa mashi ɗanye hayaƙin waje zai nufa. Zai ci itace, ya ci. Kada ki kwana da gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyi zai tsaga dutse, kuma ki bar 'yar kafa a taga. Maigidanki mutum ne mai jin magana, ki zaunar da shi ki ba shi labarin nan tun daga farko, kada ki kife mashi kasko a gaba irin na uwarki. In ya ce yana son mai farantin, ki ce a bari sai yaro ya yi wayo. In mai gidan haya ya hana a fitar da bututu, kada ki nemi gatari, ba bangon kakanki ba ne, ku nemi wani gidan.

Na san za ki ce Inna ta cika tsoro a kan murhu kawai. Ki faɗa, ban damu ba. Ni na riƙe ɗana a hannu yana buɗe baki kuka ya ƙi fita, kuma na yi nasara, amma ba na so ke ki san yadda wannan yake, ko na rana ɗaya. In angona ya hana ki barci da ihu, ki gode wa Allah, ki bar shi ya yi.

Allah Ya raya mana shi, Ya buɗe mashi ƙirji, Ya tsare ku daga sharrin wuta da na sanyi. Allah Ya sa ku sauka lafiya, ku zauna lafiya, Ya maido mana ku muna masu rai. Babanki yana sa maki albarka, ni ma na sa, duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa'u
Dutsin-Ma